Binciken da Ya Tsallake Gida

Bakan Gizo ake kiransa a unguwa, saboda babu kalar da ba za ka samu a rigar aikinsa ba. Mai fenti ne, 'yarsa ɗaya tal, wadda tun ba ta shiga makaranta ba take jera gwangwanayen babanta tana faɗin kalar kowanne. Yau ga ta kwance a gadon asibiti bayan jijjiga ta kayar da ita, tana kallon uwarta kamar baƙuwa.

Likita ta ce gubar dalma ce ta taru a jinin yarinyar. Ta tambayi irin fentin da yake aiki da shi. Ya ambaci wani mai araha da ya cika kasuwa a 'yan shekarun nan, ya ce da ragowarsa ma ya shafe ɗakin yarinyar, ruwan ɗorawa, don ita ta zaɓa. Bangon ya fara ɓarewa, ita kuwa komai ta tsinta sai baki.

Likita ta ajiye biro. "Baban yarinya, ai ƙasashe da yawa sun hana sayar da fentin nan. Abin haushin ma, binciken jami'armu ta nan ne ya sa suka hana. Malamina ne ya yi shi."

Nan take Bakan Gizo ya tuna. Shekarun baya wani malamin jami'a ya zo da ɗalibansa rumfar da masu fenti ke zaman jiran aiki. Suka ɗebi jinin kowa, suka ɗiba daga gwangwanaye, suka raba musu lemon kwalba. Malamin ya ce zai dawo da sakamako. Tun daga ranar ba su sake ganin ko ƙeyarsa ba.

Bakan Gizo bai tsaya canja riga ba, ya nufi jami'a. Malamin ya zama farfesa. Ofishinsa sanyi ƙalau, bango cike da takardun yabo da hotunansa yana gaisawa da ministocin wasu ƙasashe.

"Ranka ya daɗe, ba ka gane ni ba ko? Ina cikin waɗanda ka ɗebi jininsu a rumfar masu fenti. Na zo karɓar sakamako."

Farfesa ya gyara tabarau, har da murmushi. "Allah sarki! Ai aikin nan ya yi nisa, malam. Mun buga shi a babbar mujalla ta duniya, an yi taruka a kansa, ƙasashe sun kafa doka."

"Mu fa?"

"Mun aika wa ma'aikatar lafiya kwafi."

"Sai aka yi yaya?"

"Ba su amsa ba. Ka gane, ni aikina bincike ne, ba bin ofisoshi ba."

"To ni ma aikina shafa fenti ne, ranka ya daɗe, kuma na shafa. Na shafa wa makarantu, na shafa wa ɗakin 'yata. Da jinina ka ceci 'ya'yan wasu, tawa tana asibiti ba ta gane uwarta. Rumfarmu tana nan inda ka bar ta. Ko ɗalibi ɗaya ba za ka iya turowa ya ce mana mu daina ba?"

Farfesa ya mayar da idonsa kan takardun tebur.

Ku da kuke karantawa, bari in faɗa muku abin da bai faɗa ba, don ni abin yana ƙona mini rai. Sau ɗaya kwamitin majalisa ya gayyace shi ya yi bayani. Ranar ta zo daidai da ranar da za a ba shi lambar yabo a ƙasar waje, sai ya aika da uzuri ya hau jirgi. Kwamitin bai sake kiransa ba, shi ma bai sake nema ba. Jami'ar kuwa ba ta ga laifinsa ba, domin a wurinta yawan mujallun waje ke kawo ƙarin girma, ba wanda ke tambayar ko wace doka bincikenka ya gyara a gida. Kwafin ma'aikata yana can a kan kantar ofis yana shan ƙura, babban jami'in da ya karɓa ma ya yi ritaya.

Ga wadda ta fi zafi. Da aka rufe wa fentin ƙofa a can, masu shi ba zubar da shi suka yi ba. Nan suka juyo da shi, inda babu doka. Arahar da Bakan Gizo yake murna da ita ke nan.

An sallami yarinyar. Likita ta ce za a rage gubar da magani, amma abin da ya taɓu a ƙwaƙwalwa ba lallai ya dawo ba. Ta kuma gargaɗe shi kada ya kankare bangon da kansa, ƙurar ta fi muni. Sai ya sa wa ɗakin kwaɗo.

Kullum da safe yarinyar takan tsaya a bakin ƙofar tana jan kwaɗon. Rannan babanta ya durƙusa, ya nuna mata ɗigon ruwan ɗorawa a hannun rigarsa.

"'Yar Baba, wace kala ce wannan?"

Ta dube shi, ta dubi rigar, yawu na zuba daga gefen bakinta.

Malaman jami'a, bincike bai ƙare ba sai ya isa kunnen masu yin doka da kunnen mutanen da aka yi shi a kansu. Ku kuma masu mulki, duk rahoton da kuka bari ya sha ƙura, akwai ɗan wani da zai biya da lafiyarsa.