Fuskar Matar Sarkin Sin

Girman kai ne ya ci matar sarkin Sin, ba takobi ba.

Ranar da 'yan tawaye suka cinna wa fada wuta, ta yi musayar kaya da kuyangarta, ta sulale bakin kogi, inda jirgin ƙarshe ke jiranta.

"Kai, kauce! Ni ce uwar ƙasa."

Dogarin da ya tare mata hanyar jirgin ya kwashe da dariya. "Iya, tun safe muke korar irinki."

"Dubi fuskata!"

"In gane me? Duk wanda ya taɓa kallonta, sai da ta sa aka ƙwaƙule masa ido."

Sai ga kuyangar cikin silikin sarauta. Kowa ya zube, jirgi ya tashi da ita.

Uwargijiyar ta tsaya cikin taɓo, ba mulki, ba bawa, ba mai shaidar ta.