Jijjiga a Belleville

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu sha labari.

Ƙasar unguwar Treichville ƙasar bakin ruwa ce, taushi gare ta kamar tuwon da bai huce ba. Shi ya sa da za a kafa masana'antar ƙanƙara a Belleville, wani yanki na unguwar, sai da aka dasa dogayen ginshiƙan kankare cikin ƙasa don su ɗauki manyan injina.

Aka ɗauko injiniya Awwalu daga ofishin kamfaninsu na unguwar Adjamé. Aikinsa ya ɗora injin jijjiga a kan ginshiƙi, ya auna yadda ginshiƙin ke turjewa, da saurin da ƙasa ke shanye girgizar. Ƙasa kuwa ta shanye ta sarai. To, amma abin da ƙasa ta sha, wani wuri take kai shi.

Yasmin, abokiyar aikinsa, ta ce kafin a ƙara wa injin ƙarfi sai an ji daga maƙwabta. In mutum ɗaya ya koka, aiki ya tsaya, a sake lissafi tun daga farko. Awwalu kuwa ya riga ya yi wa masu masana'anta alkawarin gamawa a makon.

Gidan da ya fi kusa na wata tsohuwa ne, Hajiya Kande. Yasmin ta ce za ta shiga, mace da mace. Awwalu ya ce ta bari, shi zai yi magana. Ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa.

"Hajiya, injin nan yana damun ku?"

Tsohuwa ta ja mayafi, ta juya fuska ga bango. A bangon akwai sabuwar tsaga wadda yatsa zai shiga. Awwalu bai ɗaga ido ba.

"Lafiya lau," in ji ta, can ƙasa-ƙasa.

Bayan azahar aka ƙara ƙarfi. Kafin la'asar bangon ya zubo mata a ƙafa, tana zaune bisa tabarmar salla.

A barandar asibiti Yasmin sai kai da kawowa take yi. Ta juyo ga Awwalu, wanda take kira Chef, wato shugaba.

"Chef, ban gane ba! Har ƙasa ka durƙusa ka tambaye ta. Don me za ta ɓoye? Wallahi laifinta ne."

Awwalu ya rufe fuska da hularsa ta aiki. Ba ta ɓoye kome ba. Shi ne ya hana Yasmin tambaya, don ya san amsar da zai samu, kuma ita yake so. Hajiya Kande 'yar mutanen da ce, ba ta kallon ɗan farinta ido da ido, ba ta kama sunansa, balle ta kai masa kuka, kuma haka take yi wa Awwalu tun ranar da ta haife shi.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.