Gidan Bayan Gonar Masara

Lorna Pruitt ta ja labulen ɗakin bene ta rufe taga kafin baƙin su iso. Ta sauko ta ajiye kek mai zafi a kan tebur don ƙamshinsa ya cika gidan.

Ita kaɗai ce dillaliyar gidaje da ta rage a garin Wexler, tun da kamfanin nama ya rufe, matasa suka watse. Wannan gida kuwa ya daɗe a hannunta. Rufinsa sabo, barandarsa mai faɗi, ga araha kamar tsintuwa. Aibinsa ɗaya, yana bayan gonar masarar da ke gabas: gidan yarin jiha, da katangarsa ta waya da hasumiyar masu gadi. Duk wanda ya zo duba gidan bayan girbi, yana hango katangar yake komawa mota. Shi ya sa Lorna ta ɗauki hoton talla a watan Agusta, lokacin da masara ta fi mutum tsayi.

Masu zuwan tsofaffi ne daga birnin Kansas, Virgil Tillman da matarsa Odessa. Shi direban bas ne da ya yi ritaya, ita kuma mai dafa abinci ce a makarantar firamare. A waya sun ce ranar Asabar kawai za su iya zuwa, bayan ƙarfe uku. Lorna ta fara yi musu kwatancen hanyar kudu, wadda ba ta bi ta gaban katangar, Virgil ya ce kada ta wahalar da kanta.

Suka iso a tsohuwar mota. Virgil na dogara sanda. Odessa ba jaka, ba ɗan kunne, idanunta jajur. Lorna ta ɗauka gajiyar hanya ce.

"Mama, me ya ja ku zuwa Wexler?" ta tambaya tana yanka kek.

"Shiru muke nema, 'yata," in ji Virgil. "Kuma birni ya fi ƙarfin ɗan fansho."

Odessa ta juya cokali a hannunta. "Kisa aka yi a layinmu. Yaron maƙwabta, a ƙofar shago. Tun daga ranar ban ƙara zama a baranda ba."

Virgil ya dafa mata hannu.

Lorna ta ajiye wuƙar kek ɗin. Mutanen nan gudun masu kisa suke yi, ita kuma za ta kai su ta zaunar a ƙofar inda aka tara su. Amma idan suka tafi, ofishinta ba zai ga sabuwar shekara ba. Ga mai gidan, tsohuwa Hadley, tana gidan kula da tsofaffi, kullum tambayarta ɗaya: an samu mai saye? Lorna ta haɗiye maganar, ta ja su zuwa kicin.

Ta nuna musu murhu, ta nuna musu injin ɗumama ɗaki. Suka kalla kamar masu cika ladabi. Ba su tambayi nisan asibiti ba, alhali ita ce tambayar farko a bakin kowane tsoho. Virgil ya tsaya a gindin matakala yana kallon sama.

"Baba, da wannan gwiwar?" in ji Lorna da sauri. "Ai ba komai a sama sai ƙura."

"Rabu da shi," in ji Odessa. "Wannan tsohon, ko jaki ya san da zamansa a taurin kai."

Suka hau, ita a gaba, shi yana jan ƙafa a baya. Lorna ba ta bi su ba. Tana jin ƙwanƙwasar sanda a kan katako, sannan komai ya ɗauke. Ta tsaya tana jiran a kira sunanta da fushi. Suka daɗe a sama har kek ya huce.

Da suka sauko, Odessa na goge fuska da gefen riga.

"Mun saya," in ji Virgil. Ko tayi bai yi ba.

Ba su buɗe labulen ba ke nan, Lorna ta raya a ranta. Ta zaro takardu. Ana cikin haka sai jiniyar ƙirgen fursunoni ta tashi daga gabas, doguwa, mai shiga ƙashi.

"Jirgin ƙasa ne," Lorna ta ji bakinta ya faɗa.

Virgil ya gyara tabarau, ya ɗauki biro. Lorna ta dubi hannunsa, ta tuna nan da 'yan makonni za a girbe masara. Odessa za ta fito baranda da kofin shayi, ta ɗaga kai. Ba kuma su da wani gida da za su koma.

Ta ɗora tafinta a kan takardar.

"Baba, dakata. Ƙarya na yi muku. Ba jirgi ba ne. Gidan yari ne a bayan gonar nan, na masu manyan laifi. Ana girbi za ku riƙa ganinsa daga baranda. Ku yafe mini, wannan gida ba naku ba ne."

Tsofaffin suka dubi juna. Odessa ta zare hannun Lorna daga kan takardar a hankali, ta riƙe shi cikin nata.

"Mun sani, 'yata, daga can muke yanzu," ta ce. "Yaron da aka kashe a layinmu, ɗanmu ne ya harbe shi. Yana can ciki, ɗaurin rai-da-rai aka yanke masa, shi ne muka kawo ɗan abin da ya rage na namu ran kusa da shi."