Dokar Makaho

A wasan ƙwallon Amurka da ake nunawa a talabijin, ƙwallon ta faɗa hannun ɗan wasan a ƙuryar layin ci, alƙalin wasa ya ɗaga hannu biyu sama alamar an ci, gidan abincin Darlene ya kaure da ihu. Ihun bai gama sauka ba aka ce a dakata, za a duba bidiyo.

Otis mai gyaran famfo ya daki tebur har fukafukan kaji suka yi tsalle daga faranti. "Allah wadaran wannan doka! Mun ci a ƙarin lokaci, sai mun jira wani ƙato da ke zaune cikin ɗaki mai ɗumi ya gaya mana ko mun ci? Wasa ne ko kotu?"

Shekara ashirin da biyu rabon ƙungiyar garin nan da shiga zagayen fitar da gwani, kuma kowa ya san wanda ake ɗora wa laifin. Hotonsa na manne a bango kusa da akwatin talabijin. Ta baya aka ɗauke shi, alƙalin wasa ne cikin riga mai ratsin baƙi da fari, ya ɗaga hannuwa yana ba abokan hamayya ci, na daman a miƙe, na hagun a karkace. Ƙafar ɗan wasan da ya kama ƙwallon a waje take, duk ƙasar ta gani ban da shi. A lokacin babu dokar duba kowane ci, sai shekarar da ta biyo baya aka yi ta. Mutanen gari suka sa mata suna Dokar Makaho, sunan mutumin na gaskiya kuwa ya bi iska.

Yadda mutum ɗaya zai hana ƙungiya cin wasa shekara ashirin da biyu, wannan ba a tambayarsa da ƙarfi a gaban Darlene. Mahaifinta ya dawo daga fili ran nan ya rataye hularsa, bai ƙara kallon wasa ba, kuma bazara ba ta same shi a raye ba. Ita ta liƙa hoton da hannunta. Ita ke sayo 'yan kibiyoyin da ake jifansa da su, har bayan rigar ya zama kamar rariya.

A kujerar ƙarshe, ya juya wa hoton baya kamar kullum, Harlan na zaune da kofin kofi da ya huce. Shekara tara ke nan da ya shigo garin, dattijo mai furfura, ba mata ba 'ya'ya. Sau uku yana neman auren Darlene, sau uku tana ba shi amsa ɗaya: "Ranar da muka shiga zagayen nan, ka sake tambaya ta." Yau zoben na cikin aljihunsa na dama. In cin nan ya tabbata sun shiga, in aka soke shi sai kuma baɗi, ga shi likita bai cika yi masa maganar baɗi ba.

Aka nuna ƙafar ɗan wasan ta gaba, aka nuna ta gefe, aka dawo da ita baya a hankali. Minti uku. Otis ya ci gaba da zage-zage, ya ce a da maza ke yanke hukunci a fili da idonsu, yanzu an mayar da su 'yan aiken na'ura.

"Rufe mana baki, Otis!"

Kowa ya waiwayo. Ba a taɓa jin Harlan ya ɗaga murya ba.

"Minti uku ne ya dame ka? Wancan na hoton, ƙiftawar ido aka ba shi, ga dusar ƙanƙara na zuba, ga ƙattai biyu sun tare masa layi. Da sun yi dokar nan shekara ɗaya kafin nan, shekara ɗaya tak! Amma sai da suka jira aka lalata rayuwar wani tukuna."

"A gidana za ka kare Makaho?" Darlene ta ajiye butar kofi da ƙarfi. "Wallahi da zai shigo ta ƙofar can, da wannan zan wanke masa fuska."

Harlan ya mayar da ido kan talabijin, ya ce a hankali, "Ƙafa biyu a ciki, ƙwallo ba ta motsa ba. Za su bar shi." Masu sharhi ma ba su kai ga wannan ba tukuna.

Alƙali ya dawo tsakiyar fili ya kunna makirufo. Ci ya tabbata.

Gidan ya kusa rushewa. Al'adar wurin ce duk cin da aka yi kowa ya ɗaga hannu biyu sama irin na alƙali, har yara da tsofaffi. Harlan kaɗai ke dukan tebur da tafin dama, ya ce kafaɗa ce ke damunsa. Shekara tara ana yi masa uzuri.

Darlene ta zagayo daga bayan kanta tana kuka tana dariya, faɗan ɗazu ya tafi. Ta tsaya a bayan kujerarsa ta kama wuyan hannayensa.

"Yau kam sai ka ɗaga, tsoho! Ɗaga, sannan ka yi tambayarka!"

Ta ja su sama. Na daman ya miƙe sak. Na hagun ya kai daidai kunne ya tsaya, gwiwar hannun a karkace.

Dariyar ta ɗauke. Shekara ashirin da biyu tana kallon wannan bayan, ba sai ta waiwayi bango ba.

Harlan bai juyo ba, bai kuma sauke hannuwan ba. "Ranar da na fara shigowa nan," in ji shi, "haƙuri na zo ba ki."