Jakar Sandunan Baba

Ƙwallon Baba ya tashi, ya tsallake bishiyar dogon yaron da ya shekara goma yana kewayewa, ya sauka dab da ramin ƙarshe na filin golf. Na yi tsalle har gyalena ya faɗi.

Ya riga ya rantse, in amininsa ya sake cinye shi a gasar golf ta dattawa, zai sayar da sandunansa. Wata uku ina masa masifa ya yi atisayen da na tsara masa. Ilimin wasanni na karanta, na san ƙarfin bugu gina shi ake yi. Kullum amsarsa ɗaya: "Ɗiyata, da furfurata in tai ɗaga ƙarfe gaban yara?"

Amininsa ya riƙe baki. "Alhaji, mi ka sha yau?"

"Fura. Ɗiyata, miƙo ƙaramar sandar."

Na zuge jakar. Tsakanin sanduna sai ga taɓaryar Inna, wadda ɓatanta ya sa muka daina gaisawa da maƙwabta. An naɗe mata robar riƙo, har robar ta siɗe.

"Da ita nika atisayenki," ya raɗa mini. "Kada uwarki ta ji."

Ya gangara ƙwallon bisa rairayi, ƙwallon ya faɗa rami. Sandunan sun tsira.