Muryar Mai Haƙa Rijiya

Tun da aka hana na'urori magana da juna ta iska, duk abin da za a zuba a Babban Rumbu, ma'ajiyar bayanai, sai mutum ya kai da ƙafarsa. Shi ya sa Tabawa ta yi sammako da filas, 'yar na'urar adana bayanai, ɗaure a haɓar zaninta. A ciki akwai muryar marigayi mijinta, mai haƙa rijiya, yana faɗin inda ruwa yake kwance. Rijiyoyin ƙauyensu sun ƙafe, Rumbun kaɗai zai iya gwama maganarsa da taswira.

Ɗakin Rumbun sanyi ƙalau, akwatunan ƙarfe har rufi, ƙananan fitilu suna ƙyaftawa. Ba ta san lokacin da ta tuɓe takalmi ba.

"Iya, idan na juye, filas ɗin zai koma wayam," in ji Rakiya, ma'aikaciyar wurin. "Doka ta hana abu ya zauna wuri biyu."

Tabawa ta daɗe tana murza shi. "Juye, 'yar nan. Mutane na jin ƙishi."

Rakiya ta soka shi a jikin na'ura. Bango ya haska, ga ƙauyensu, ga shuɗin zare, alamar ruwa, ya ratsa ƙarƙashin tsamiyar kasuwa. Muryar ta cika ɗakin: "Gaba bakwai za ku haƙa." Sai tari irin nasa. "Tabawa, yaya ƙafar?"

Rakiya ta duba allo, ta sake dubawa. "Iya, wannan ba ya cikin abin da kika kawo."

Sai bayan rasuwarsa ne ƙafar Tabawa ta fara ciwo. Tabawa ta durƙusa a hankali.

"Da sauƙi, Malam."