Mai Albasa da 'Yarsa a Bakin Teku

Ɗayyabu, na ji an ce tun da aka yi suna ba ka ɗauki jaririn nan ba, wai kunyar ɗan fari. To gyara zama in ba ka misali, ni ban tsufa a banza ba.

Akwai wani mutumin ƙasarmu da ke fataucin albasa a Kwatano, can bakin teku. 'Yarsa guda ce, ita ce ta fari, uwarta ta rasu tun tana goye, kakarta ke riƙonta a arewa. Mutumin nan yana son yarinyar kamar ransa, amma an tashe shi a kan cewa ɗan fari ba a kama sunansa, ba a wasa da shi, ba a sake masa fuska a gaban mutane. Da ta kai shekara goma sha ɗaya sai ya aika a kawo masa ita ta yi dogon hutun damina a wurinsa. Tun saura wata guda ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya kai atamfa ɗinki, ya sayi takalmi har biyu don bai san girman ƙafarta ba, ya roƙi matar maƙwabcinsa a zango ta riƙa dafa mata abin da take so. Ranar da mota ta iso, yarinya ta diro da gudu ta nufo shi. Gogan naka sai ya kau da kai, ya shiga tambayar direba lafiyar hanya, sannan ya ce wa maƙwabciyar, "Ga yarinyar nan, a shiga da ita."

Haka hutun ya yi ta tafiya. Sabon kifi, kwakwa, abarba, ba abin da ta nema ta rasa. In za su fita yana gaba tana baya, in zai kira ta sai dai "ke". Wata Lahadi ya kai ta ganin teku tare da mutanen zango, ita da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba. Igiyar ruwa ta taso tana ruri, yarinya ta rugo ta kama hannun ubanta da hannu biyu. Abokan kasuwancinsa na kallo, ɗaya har ya fara murmushi. Sai ya zare hannunsa a hankali, ya sa a aljihu, ya ce, "Ke, je wurin mata." Ta je. Ba ta yi kuka ba, kuma daga ranar ba ta ƙara nufo shi da gudu ba. Da suka koma gida ta tambayi maƙwabciyar ko Baba ya san sunanta kuwa. Matar ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kai masa labari, shi ma ya yi dariyar yaƙe, ya ce in ta girma za ta gane.

Wannan "za ta gane" ita ke ba ni haushi har yau. Wa zai ganar da ita? Kunyar nan an yi ta ne don gida mai cike da mutane, inda uwa ko gwaggo za ta ja yaro gefe ta ce, "Ubanka fa kunya yake ji, amma jiya sau uku yana tambayarka." Marainiya a baƙon gari, mako shida kacal, ba ta da mai faɗa mata haka.

Da shekara ta zagayo ya aika, ta ce tana taya kakarta aikin gyaɗa. Wata shekarar ta ce karatu ya yi yawa. Ta girma, ta zama malamar asibiti, ta yi aure, ta haihu. Ba ta taɓa saɓa masa ba, kada ka ce 'yar banza ce. Duk Sallah direbobi na kawo masa shadda da shinkafa daga wajenta. In ta kira shi a waya, ina kwana, ya jiki, ya kasuwa, to sai an jima. Yadda ya koya mata haka ta iya, kuma abin na cinsa, bakinsa ya ƙi faɗa. Da ciwo ya kwantar da shi aka ce a kira ta, ya ce a ƙyale ta da aikinta, alhali idonsa na kan ƙofa.

Ta iso ranar sadakar uku, ina wurin. Masu ta'aziyya suka yi ta shigowa, kowa da abin da ya sani game da ita. Mai shayi ya faɗi shekarar da ta ci jarrabawa, don ranar marigayin ya shayar da duk layin. Wani dillali ya ce duk lokacin da aka rufe makarantu sai marigayin ya je tasha ya tsaya yana duban motocin arewa, in an tambaye shi ya ce albasa yake jira. Tana ta saurare, can sai ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka, ta ce, "Ashe duk garin nan kun sani, ni kaɗai ce ban sani ba." Wallahi ni ma sai da na share hawaye.

Ban ce kunya aibu ba ce, Ɗayyabu, ado ce. Amma yaro ba ya leƙa zuciyar ubansa, abin da aka nuna masa shi yake gani. Shi ya sa Hausawa suka ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.